Kanwa, zoɓo da farin ɓawon butarku

Tudun Wada,
Kaduna.

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya kai da iyali baki ɗaya. Yaya Hajiya da ciwon ƙafar? Allah ya ƙara mata sauƙi. Mu nan sai godiya. Damina ta zauna sosai, Kogin Kaduna ya cika ya yi jawur.

Saƙonka ya iso, har da hoton cikin butar shayinku da ta yi farin ɓawo. Ka tambaye ni ko guba ce, ka kuma ce ɗanmu yana kokawa da darasin bafa, wato ruwan da tsami ko kishiyarsa ba sa saurin sauya shi, da na narkewar gishiri a kemistirin ajin farko na jami'a. Da gangan ban amsa a waya ba, domin tambayoyin nan biyu jijiyarsu ɗaya ce, kuma layi uku ba zai ɗauke su ba. In ka gama karantawa ka miƙa masa.

Makon jiya darasin bafa ya zo mini a aji, ga shi sinadaran ɗakin gwajinmu sun ƙare. Mun rubuta buƙata tun zangon da ya wuce, shiru kake ji. Abin ya dame ni, don ba na son in maimaita wa yaran nan abin da aka yi mana, a cika allo da lissafi mu haddace, mu ci jarrabawa, mu fita ba mu taɓa ganin abin da idonmu ba. Da daddare ina zaune a tsakar gida uwargida tana jiƙa kanwar kunu, sai karin maganar nan ta faɗo mini: kanwa ta kar tsami, ƙwarnafi ya kwanta. Wallahi sai da na miƙe tsaye. Kanwar da ake kawo mana daga wajajen Tafkin Chadi, in ka cire yashi da gishirin da ke cakuɗe da ita, yawancinta sodiyam kabonet ne da sodiyam bayikabonet a haɗe. Waɗannan biyun a ruwa ɗaya ai su ne bafa.

Washegari na biya Kasuwar Barci na sayi kanwa, busasshen zoɓo da lemun tsami. Zoɓo shi ne ma'auninmu, domin launinsa yana bin ruwan da ya shiga: ja ne a cikin tsami, in ya haɗu da alkali, wato kishiyar tsami, sai ya yi duhu ya karkata zuwa kore. Muka jera kofi biyu na gilashi. Na farko ruwan kanwa da aka tace, muka zuba masa zoɓo kaɗan, nan take ya juye. Na biyu ruwa ne zalla da zoɓo, muka riƙa ɗiga masa sodar sabulu da aka tsarma sosai har launinsa ya zo daidai da na farkon. A ido ba ka bambanta su. Sai na ba wata yarinya da ba ta cika magana a aji ba rabin lemo na ce ta matsa. Kofin soda, ɗigo kaɗan ya koma ja. Kofin kanwa kuwa ta matsa, ta matsa, launi ya ƙi motsi. Ajin ya yi tsit. Sai da ta shiga rabi na biyu ruwan ya fara ƴan ƙananan kumfa, daga bisani ya sallama ya yi ja. Ta ɗago ta ce, "Malam, ashe shi ma yana gajiya." Na ce mata ta faɗi rabin darasin, don kowace bafa tana da iyakar abin da za ta iya shanyewa.

Ga abin da ke faruwa, ɗana. Tsami yana zuwa da ƙwayoyin haidirojin. Kabonet yana cafke su ya zama bayikabonet, don haka ba su samu sun yi yawo a ruwan ba. In alkali ne ya shigo, bayikabonet ne zai saki nasa haidirojin ya tare shi. Mai karɓa da mai bayarwa suna zaune gida ɗaya, shi ya sa pH, wato awon tsamin ruwa, ba ya tsalle. Ma'aunin pH ɗin nan wani masani ɗan ƙasar Denmak, Sorensen, ya fito da shi a 1909, kuma kowane taki ɗaya a kansa ninki goma ne. Bafar kanwa tana tsayawa wajen 10, kusa da pKa ɗin bayikabonet wanda yake 10.3, wato pH ɗin da bafar ta fi ƙarfi a kansa.

Wanda ya fi taɓa zuciyata shi ne na jini. Jinin mutum mai lafiya yana tsakanin 7.35 da 7.45, ɗan siririn fili ke nan, kuma dangin wannan bafar ce ke tsare shi, wato bayikabonet da iskar kabon da ta narke a jini. Lissafin da ake ba ku, na Henderson ɗan Amurka da ya rubuta a 1908 wanda Hasselbalch ya sake masa fasali daga baya, gwada shi a nan: pKa 6.1 ne, bayikabonet ya ninka abokinsa sau 20, log na 20 kuwa 1.3 ne, ka tara ka samu 7.4. Huhu yana fitar da iskar in tsami ya yi yawa, ƙoda tana kula da bayikabonet. Shi ya sa mai ciwon suga in ya tsananta jininsa ya yi tsami, za ka ga yana jan numfashi mai zurfi ba ƙaƙƙautawa. Jiki ne ke ƙoƙarin komawa 7.4. Duk lokacin da na koyar da wannan sai na yi tasbihi.

To mu dawo butarku. Ba guba ba ce, kwantar da hankalinka. Ƙasarku ta Sakkwato tana da dutsen farar ƙasa, shi ne ma dalilin kafa masana'antar siminti a Kalambaina. Sunansa a kemistiri kalsiyam kabonet, kuma da ƙyar yake narkewa a ruwa zalla. Amma ruwan sama da ya sha iskar kabon yana da ɗan tsami, yana ratsa dutsen ya kwaso kalsiyam a siffar bayikabonet, wanda yake narkewa lafiya lau. Haka yake zuwa rijiyar burtsatsenku garau, ba ka ganin komai. Da ka ɗora shi a wuta, zafi ya kori iskar, sai ma'aunin ya karkata baya don ya cike gurbin abin da ya tafi, kalsiyam kabonet ya sake fitowa ya manne a gindin buta. Ƙa'idar Le Chatelier ke nan, Bafaranshen da ya bayyana ta a 1884. Maganinsa lemun tsami: a matsa uku ko huɗu a ruwa, a ɗumama a cikin butar, a bar shi ya jima, za ku ji yana ƴar ƙara yana kumfa, a wanke.

Shi kuma Ksp na darasin narkewar gishiri da yake ba ka wahala, ɗana, ɗauke shi a matsayin iyakar da ruwa ya gindaya. In ka ninka yawan kalsiyam da yawan kabonet da ke narke, amsar ba ta zama sama da wajen 3 × 10⁻⁹ a zafin ɗaki, duk abin da ya haura sai ya kwanta a ƙasa. Saboda haka in ɗaya ya hau, dole ɗayan ya sauka. Gwada da hannunka: ɗebi ruwan rijiyarku a gilashi, zuba masa tataccen ruwan kanwa, ka ajiye. In kalsiyam ɗin yana da yawa za ka ga ya yi hazo fari, domin kabonet ɗin kanwa ya tura lissafin ya wuce iyaka. Ka gwada sabulu a ruwan da ya kwanta a sama, ka gwada a wanda ba a taɓa ba, ka ga wanne ya fi kumfa. Ka rubuto mini abin da ka gani, ko da ya saɓa da abin da na faɗa, musamman ma in ya saɓa.

Yarinyar nan da ta matsa lemo ta tsayar da ni bayan an tashi, tana tambaya ko tokar murhu za ta yi abin da kanwa ta yi. Na ce ta jiƙo ta tace ta kawo ranar Litinin mu gani tare.

Ka gaishe mini da Hajiya da kyau, ka ce ina neman addu'a. Uwargida tana gaida taka, yara ma suna gaida ƴan'uwansu. In Allah ya kai mu hutun ƙarshen zango ina da niyyar zuwa, kuma butar nan zan fara dubawa.

Wassalam.
Naka har kullum,
Amininka.