Baƙin Da Ke Wucewa Muna Barci

Aminina,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya iyali, ya kuma kewa? Ka ce saƙonnina sun koma zuwa da tsakar dare. Gaskiyarka, tsuntsaye ne suka hana ni barci.

Ashe yawancin ƙananan tsuntsaye masu ƙaura da dare suke tafiya. Iska ta yi sanyi ta lafa, shaho ya kwanta, taurari kuma na nuna musu hanya. Ido ba ya ganinsu, amma na'urar rada ta masu hasashen yanayi tana gani. Aikinta shi ne ta harba sigina sama, in ya bugi ɗigon ruwa ya dawo mata. To, jikin tsuntsu ma ai ruwa ne mafi yawansa.

A yaƙin duniya na biyu, sojojin Ingila masu gadin rada sun riƙa ganin wasu ɗige-ɗige da ba jirage ba, har suka sa musu suna "mala'iku". A 1945 wasu masana kimiyya biyu, David Lack da George Varley, suka wallafa cewa tsuntsaye ne. Duk da haka an daɗe masu hasashe na share su daga hoto, don su damuwarsu hadari.

Da ma kana kusa in nuna maka taswirar BirdCast ta Jami'ar Cornell, mai nuna ƙaurar tsuntsaye ta hanyar rada 143 na Amurka. Kamar rabin sa'a bayan faɗuwar rana, sai ka ga da'ira ta ɓullo kewaye da kowace tasha, tana buɗewa, daga gabas ana bi zuwa yamma yadda duhu ke tafiya. Miliyoyi ne suka tashi kusan lokaci guda. Ranar da na fara gani, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Na'urar ba ta faɗin irin tsuntsun, sai yawansu da tsayin da suka kai da inda suka dosa. Ƙwari ma rada na ganinsu, amma su iska ke kwasarsu, da haka ake rarrabe su da tsuntsaye.

Akwai ɓangaren da ya sosa mini rai. Binciken da aka fitar a 2019 ya ce nahiyar Amurka ta Arewa ta rasa tsuntsaye kusan biliyan 3 tun 1970, rada ma ta nuna ayarin dare na raguwa. Fitilun birane na ruɗa su. A Oktoban 2023, kusan dubu ɗaya suka mutu dare guda a jikin gilashin wani gini a Chicago. Shi ya sa nake ganin darajar aikin nan: tunda ana iya sanin daren da ayari zai yi yawa, ana iya roƙon mutane su kashe fitila a daren.

Lokacin ƙaura, ka fita waje bayan isha, ka yi shiru. Wani sa'in za ka ji ɗan kukansu daga can sama. In ka ji, ka rubuto mini.

A gaida mutan gida.

Naka,
Amininka