Wasiƙa zuwa ga ƴata a Yamai

Birni, Damagaram

Assalamu alaikum. Ƴata, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidana ƙarami. Ki gaida gwaggonki, ki yi mata godiyar riƙon da take yi muku. Babanki na gaishe ki.

Littafin da kika turo wa ƙanwarki ta WhatsApp na karanta shi har ƙarshe, kuma na fahimci dalilin da ya sa kika so in gani. Irin waɗannan littattafai na soyayya ba baƙi ba ne a wurina. Tun ƙarshen shekarun 1980 fatake ke kawo su daga Kano, muna ƴan mata muna saye a Kasuwar Dole, ɗaya ta gama ta miƙa wa ɗaya har bango ya yage. Ba zan ce miki karatunsu laifi ba ne. Wadda ta rubuta wannan ta san zuciyar mace. Wurin da yarinyar ta ji sallamar masoyinta a zaure bayan doguwar rabuwa, ludayi ya suɓuce mata cikin tukunya, ni ma sai da na share hawaye.

Kin ce labarinku ke nan da baban yaro: a yi faɗa, a rabu, a dawo, don so na gaskiya ba ya mutuwa. A nan nake so ki tsaya ki saurare ni.

Koma ki duba inda marubuciyar ta ce "bayan shekara 5". Layi ɗaya ne, mai karatu ya tsallake shi kafin shayi ya huce. To a cikin layin nan akwai damina biyar da rani biyar, akwai yaro da zazzaɓi ya kama cikin dare babu mai riƙe fitila, akwai kuɗin haya, akwai maganar mutane a gidan biki. Littafi ba ya tsayawa a kan waɗannan, amma ke kin zauna cikinsu, ni ma na zauna tare da ke, ina jin muryarki a waya ta dushe da kuka. Sannan ki lura da yadda aka bi da marin da ya yi mata. An ce kishi ne, kishi kuma wai alamar so. Ya durƙusa ya yi kuka, babi ya ƙare. Ban ga shafin da ya canja hali ba, tsufa kawai ya yi. Wannan wurin ya ɓata mini rai ƙwarai, domin ƴan mata dubu za su karanta su ɗauka haka aure yake.

Akwai kuma lissafin da littafin ya yi wa hawan ƙawara. Su sun rabu sun koma ba adadi, mu kuwa igiyar aure uku ce. Aya ta 229 da ta 230 a Suratul Baƙara sun faɗa a fili: saki sau biyu ne ake komawa, bayan na uku sai ta auri wani miji aure na gaskiya, ba kisan wuta ba. Ke an tsinka biyu. Iddarki ta cika, don haka ba komawa kawai ba ce yanzu, sabon ɗaurin aure ne, da waliyyi da shaidu da sadaki, kuma ba ya yiwuwa sai da yardarki. In an ɗaura, da igiya ɗaya za ki shiga gidan. Mutumin da kalmar saki ke fita bakinsa a kan miya ta yi gishiri, ki yi tunanin abin da zai yi da ɗayar da ta rage. Ke ƴar Damagaram ce, kin tashi kina bin layin famfo da jarka, kin san ba a juye ruwan da aka sha wuyar samu cikin randar da ba a duba tsagarta ba.

Kada ki ɗauka ina hana ki komawa. Uban ɗanki ne, kuma na san alherinsa: lokacin jinyar babanki bai bar mu mun nemi komai ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce kada mumini ya ƙi mumina, in ya ƙi wani hali nata zai yarda da wani. Mu ma haka za mu auna maza. Ni da babanki mun ga talauci, mun ga ciwo, mun yi fushin da aka kwana ba magana, haƙuri ya ɗauke mu. Amma haƙuri da rashi daban, haƙuri da duka da wulaƙanci daban. Aya ta 21 a Suratur Rum ta ambaci natsuwa da ƙauna da jinƙai. Ƙauna kam kuna da ita, ban musa ba. Natsuwar fa? A gidan nan nasa, kin taɓa jin ƙarar babur ɗinsa a ƙofa gabanki bai faɗi ba?

In kina son labarin so mai zafi wanda ya faru da gaske, ga na Barira da mijinta Mugisu a cikin Buhari. Da aka ƴanta ta, ta zaɓi rabuwa da shi. Ya riƙa bin ta a hanyoyin Madina, hawaye na zuba a gemunsa. Annabi da kansa ya ce mata da ma ta koma masa. Ta tambaya ko umarni ne, ya ce ceto kawai yake yi. Ta ce ba ta da buƙatarsa, kuma aka bar ta da zaɓinta. Kukan namiji, ko na gaskiya ne, bai zama bashi a kanki ba.

Abin da nake roƙonki shi ne ki daina yanke magana da shi a wayar tsakar dare, lokacin da kewa ta fi hankali ƙarfi. In da gaske yake, ya turo magabatansa wurin baffanki, kamar yadda aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta yi nuni, mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga naki. A gabansu ya amsa abin da ya yi da bakinsa, ya faɗi abin da zai bari. A yi maganar aikinki ma a wurin, kada ki ajiye shi. In ya ƙi zama gaban manya, kin sami amsarki. In ya zo, ki ba kanki watanni kina kallon halinsa, kina istihara, babu mai kora ki.

Na san tsakaninmu kusan kilomita 900 ne, amma ki nemi hutu ki zo da yaron kafin a tsayar da komai. Ɗakinki na nan a share. Baffanki ya ce ba zai amsa wa kowa ba sai ya ji daga bakinki, kuma duk abin da kika zaɓa bayan kin yi nazari, ni da babanki muna bayanki. Ki sanar da ni ranar da za ki shiga mota, ƙanenki ya tarye ku a tasha.

Allah ya yi miki albarka, ya zaɓa miki mafi alheri.

Innarki