Zuwa ga ƙanwata mai tambaya kan matan sarakunan Norway

Ƙanwata salamu alaikum. Kin jefo min tambaya a gaban jama'a, wai matan sarakunan mutanen Norse na da can suna da ta cewa a mulki ko adon fada ne kawai, kuma ana naɗa su kamar mazajensu? To bari in ba ki labarin mace ɗaya, Margrete 'yar Skule.

A 1217 aka ba Haakon sarautar Norway yana ɗan shekara 13, lokacin ƙasar tana cikin yaƙin gadon sarauta tun 1130. Skule shi ne babban hakimin da ke riƙe da kashi ɗaya cikin uku na ƙasar, kuma shi ma a ransa kujerar nan da shi ta dace. Sai manya suka ce a ɗaure su da aure kowa ya huta, aka yi baiko a 1219 aka yi biki a Bergen a 1225, yarinya ta tare a gidan wanda ubanta ke hari.

Auren bai kashe wutar ba wallahi, danne ta kawai ya yi. A 1237 har muƙamin duke, wato na ƙasa da sarki kaɗan, aka ba Skule don a lallaɓa shi, amma ina, a 1239 ya sa aka naɗa shi sarki a Nidaros wato Trondheim ta yau. Sturla Thordarson, mutumin Iceland da ya rubuta tarihin Haakon, ya ce da sarki Haakon ya kai wa Margrete labarin fashewa ta yi da kuka, kuma ba ta bar ɓangaren mijinta ba. Ke ki duba fa, gaba kura baya sayaki, in miji ya ci uba ya tafi, in uba ya ci 'ya'yanta uku ƙanana sun shiga uku, kuma babu wanda ya nemi shawararta kafin a zare takobi. A watan Mayun 1240 mutanen Haakon suka cinna wa gidan ibadar Elgeseter wuta inda Skule ya ɓuya, ya fito suka kashe shi. Ta ci gaba da zama da mijin nan shekara 23.

Shi ya sa ni ban yarda da adon fada ba, ado ba ya ɗaukar wannan nauyin, amma kuma ban ce tana da ta cewa ba. Ƙarfinta na jini ne, gida biyu da ke faɗa a jikin 'ya'yanta suka haɗu, ɗanta Magnus ya gaji sarauta, shi ne ma ya yi wa ƙasar doka guda a 1274. 'Yarta Kristina kuwa irin auren uwar aka yi mata, aka kai ta Sifaniya, a 1258 ta auri ƙanen sarkin Castile da ke can, shekara huɗu ta rasu a Seville. Haakon ya mutu a tsibiran Orkney a 1263, Margrete kuma a 1267 ta koma gidan ibadar mata na Rein wanda ubanta ya kafa, can ta rasu a 1270.

Maganar naɗi kuwa, da wakilin Fafaroma ya zo Bergen a 1247 Haakon kaɗai ya sa wa kambi. Matar ɗanta Magnus, Ingeborg 'yar sarkin Denmark, ita aka fara naɗawa sarauniya a Norway, a 1261, Margrete tana raye.

Yayanki.