Maigidana ya kafe zanen tatsuniyoyin Girkawa a falo

Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari.

Ni matar aure ce a Kaduna, da 'ya'ya uku. Maigidana mai zanen gine-gine ne. Bara aiki ya kai shi Italiya, ya shiga gidan adana zane-zane na Uffizi a birnin Florence, tun daga nan abin ya shiga ransa. Ya dawo da kwafin zane biyu, ya kai aka sa musu firam, ya kafe a bangon falo.

Na farkon shi ne Haihuwar Venus na mai zane Botticelli, wanda aka zana wajen 1485. Anti, mace ce tsirara a tsaye kan wani ƙaton ƙwanson teku, ba abin da ya rufe ta sai hannunta da dogon gashinta. Ya ce ita ce Girkawa ke kira Aphrodite, allahiyar soyayya a wurinsu. Na biyun Medusa ce, wata mace a tatsuniyar Girkawa, zanen Caravaggio: yankakken kai, baki a wangale, macizai a maimakon gashi, jini na tsartuwa daga wuya. Wai duk wanda ya haɗa ido da ita dutse yake zama, har sai da wani jarumi mai suna Perseus ya fille mata kai. Autarmu ba ta yarda ta wuce ta wurin idan magariba ta yi.

Daga baya ya yi odar na uku ta intanet, faɗuwar Icarus, wanda ake dangantawa da mai zane Bruegel, ainihin zanen yana birnin Brussels. Wannan kam ni ma ina son sa. Manomi ne yake huɗa, ga makiyayi da tumakinsa, ga jirgin ruwa. Sai ka ƙura ido sosai kake ganin ƙafafun yaron, wato Icarus, suna nutsewa a teku, bayan rana ta narkar da kakin fukafukan da ubansa Daedalus ya haɗa masa, kuma ba wanda ya ko waiwaya. Nakan daɗe ina kallonsa idan ina goge-goge.

Damuwata ita ce hadisin da muka sani tun a Islamiyya, cewa mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare ko hoto. Ni yanzu a ɗaki nake sallah. Babbar 'yata ta tambaye ni ko waɗannan ne gumakan da malaminsu ya ce an hana, na rasa amsa. Ƙawayena sun daina zama a falon. Na yi masa magana, ya ce fasaha ce da tarihi, ba wanda yake bauta musu, wai na cika tsattsauran ra'ayi. Ga shi mutum ne mai tsare sallarsa, bai rage mu da komai ba, shi ya sa ba na son abin ya zama rigima.

Wata mai zuwa Hajiya, mahaifiyarsa, za ta zo ta yi azumi a wurinmu. Na san idan ta gani, ni za ta fara tuhuma da cewa na zuba ido.

Don Allah Anti, in roƙe shi ya mayar da su ɗakin karatunsa, ko in sauke su da kaina kafin ta iso? Kuma idan na kai maganar gaban malamin da yake jin nauyinsa, ba zai ɗauka na kai ƙararsa ba? Shi kuma na Icarus ɗin, hukuncinsu ɗaya ne da sauran?

Taku,
Maman yara, Kaduna