Ba a Koyon Rubutu da Canki-Canka

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu in amayar da abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya game da yadda ake koyar da rubutu a manyan makarantunmu.

Ni malami ne, kuma na shafe shekaru ina cikin masu koyar da kwas ɗin Turanci na gama-gari, wanda duk ɗalibin ajin farko sai ya ɗauka, ko likita zai zama ko injiniya. A sabon tsarin karatu na CCMAS da NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, ta ƙaddamar a watan Disamba na 2022, sunansa GST 111, nauyinsa kuwa yunit 2 ne kacal. A cikin zango ɗaya ake so ɗalibi ya koyi furuci, da nahawu, da karatu don fahimta, da taƙaitawa, da rubuta rahoto da wasiƙa, da magana a gaban jama'a. A takarda babu abin da aka bari. A zauren lacca kuma labarin ya sha bamban.

A bara ɗaliban da aka ba ni sun haura 600. Wasu a zaune, wasu a tsaye jikin taga, na baya ko lasifika ba ta isa gare su. Bari mu yi lissafi tare, Malam Edita. In na ba kowa insha'i ɗaya, na kashe minti 10 wajen karantawa da gyarawa, awa 100 ke nan, a kan aiki guda tak. Wannan ne ya sa makarantu da yawa suka koma jarrabawar kwamfuta, tambayoyin canki-canka, ɗalibi ya latsa A ko B ya tashi. Maki na fita da wuri, ba wanda ya yi ƙorafi. Sai dai yaro na iya cin kwas ɗin rubutu da sakamako mafi girma alhali tun daga farkon zango har ƙarshensa bai rubuta sakin layi ɗaya da wani ya karanta ba.

Kuma da ma a kan wannan hanya ya taso. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, tambayoyin Turanci 60 ne, duk zaɓi amsa. Insha'in WAEC mai kalmomi wajen 450 shi ne rubutu mai tsawo na ƙarshe da yawancinsu suka yi da hannunsu, shi ma sau da yawa haddace shi aka yi a darasin yamma. Daga nan sai shiru, har ajin ƙarshe, ranar da za a ce ya kawo kundin kammala karatu mai babi biyar. Wanda bai taɓa ɗaukar buhu ba aka ɗora masa tan guda, ina zai nufa? A da, shagon buga takardu ake zuwa a sayi tsohon kundi a canza suna. Yanzu ChatGPT ke yi cikin minti biyu. Ban ce yaran ba su da laifi ba, amma mu da muka bar su shekara uku babu jan biro muna da namu kason.

Abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne wata ɗaliba da ta zo ofishina da takardar neman a ɗage mata zango saboda jinyar mahaifiyarta. Shafi biyu ta cika da manyan kalmomi da ta kwaso daga intanet, har na kai ƙarshe ban gane me take nema ba. Na ce, "'Yata, ajiye takardar, faɗa mini da baki." Cikin jimla uku, da Hausa, ta faɗi matsalar, da dalili, da abin da take so a yi mata. Na ce to haka za ki rubuta. Muka zauna, ta rubuta, na gyara, ta sake, har sau uku. Ta huɗun ba ta wuce rabin shafi ba, kuma ita aka amince da ita. Yarinyar nan tana da tunani a tsare. Ba ta dai taɓa samun wanda ya zauna da ita ya nuna mata cewa rubutu faɗin magana ne a fili, kuma daftarin farko ba shi ake miƙawa ba.

Don haka nake kira ga majalisun jami'o'i da su dubi kashi 30 cikin 100 na tsarin karatu da CCMAS ta bar wa kowace jami'a ta tsara da kanta. A nan akwai damar sanya rubutu cikin kowane sashe, kowace shekara. Ɗalibin aikin gona ya rubuta rahoton gwajin iri, na lissafin kuɗi ya rubuta wa shugaban ofis takardar bayani, mai zuwa SIWES, wato koyon aiki a ma'aikatu da masana'antu, a karanta littafin aikinsa da gaske maimakon a buga hatimi kawai. Malamin sashen ne ya fi sanin irin rubutun da sana'arsa ke bukata. A raba manyan azuzuwan nan zuwa rukunin mutum 30 ko 40, a ɗauki ɗaliban digiri na biyu da na uku su riƙa gyaran rubutu, a biya su. Jami'o'in Afirka ta Kudu irin su Cape Town da Wits suna da cibiyoyin rubutu tun shekarun 1990, inda ɗalibi ke kai daftarinsa a zauna da shi ido da ido. Ɗaki ɗaya ne da tebura da mutanen da aka horar. Kuɗin da TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ke zubawa a gine-gine ba zai gaza wannan ba. Kiran ya shafi NBTE mai kula da kwalejojin fasaha da NCCE mai kula da kwalejojin ilimi su ma, musamman kwalejojin ilimin, tunda su ke yaye malaman da za su koyar da insha'i a firamare.

Akwai kuma batun harshe, wanda ba a cika ɗagowa ba. Ma'aikaciyar jinya da muka yaye za ta yi wa tsohuwa bayanin shan maganin hawan jini da Hausa ne. Malamin gona da Hausa zai yi wa manomi bayanin taki. Amma ba mu taɓa tsayar da su a aji mun ce su gwada ba, kuma da yawansu ba sa bambance "ya yi" a rabe da "yayi" a haɗe, balle ƙ da ɗ da ɓ. Muna da sassan harsunan Nijeriya a Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri cike da masana ƙa'idojin rubutu. Me zai hana su shirya kwas na sadarwa da Hausa, ko Fulfulde, ko Kanuri, ga masu karatun lafiya da noma da shari'a?

In duk wannan ya yi nauyi a fara shi lokaci guda, ina roƙon abu ɗaya a zango mai zuwa: kada a ba ɗalibi makin GST 111 sai ya miƙa rubutu aƙalla uku, an gyara masa, ya sake rubutawa ya dawo da su.

Na gode da wannan fili. Wassalam.

Naka,
Wani malamin jami'a, daga Kano