Zuwa ga ƙawata: bayana ya sake ni

Assalamu alaikum, ƙawata ta kaina,

Ina gajiya, ina yara, ya mai gidan? Ki gaida min shi, ki ce masa har yanzu ina bin sa bashin abin nan, ya san shi. Saƙonki ya iso, wanda kike tambaya ko zan samu zuwa ranar da Auta za ta kammala karatu. Zan zo kan wannan. Ki bar ni tukuna in amayar da abin da ke cikina, don tun jiya bakina ke ƙaiƙayi.

Ciwon bayana ya sake ni. Wallahi ya sake ni! Kin san yadda nake tun bayan haihuwar ƙaramin nan, in zan sunkuya in ɗauke shi sai na dafa bango, tashi daga gado kuwa sai da dabara. Akwai kuma wanda ban taɓa faɗa miki ba: in na yi atishawa ko dariya mai ƙarfi, sai fitsari ya ɗan kufce min. Yanzu kin gane dalilin da nake katse waya da zarar kin fara labarin mutumin nan mai hula. To jiya na ɗauki yaron daga ƙasa na saɓa shi a kafaɗa, sai da na kai bakin ƙofa na tuna ban dafa komai ba. Alhamdu lillahi.

Abin da ya faru, an tura ni wajen likitar fisiyo, wato masu gashin ƙashi, amma ita ɓangaren mata ta ƙware. Kafin ta ba ni motsi ko ɗaya sai da ta duba ni tsaf. Ta kwantar da ni rigingine, ta ce in ɗan ɗaga kai, ta sa yatsu saman cibiyata, sai ga yatsun sun nutse. Ashe tsokar nan guda biyu da ke saukowa ta tsakiyar ciki, tantanin da ya haɗa su yana miƙewa lokacin goyon ciki, sai su raba hanya. Ga mata da yawa yakan koma da kansa a watannin farko, ga wasu kuma sai an taimaka masa. Daga nan ta yi min bayanin tsokokin ƙasan ƙugu, waɗanda ke tallafe da mafitsara da mahaifa da ƙarshen hanji. Ta ce kamar gindin kwando suke, in gindi ya saki, komai ƙarfin gefe kayan ciki ba za su zauna daidai ba.

Na san za ki ce ai kin san motsin matsewa, kowa ya sani. Wani likitan mata ne a Amurka, Arnold Kegel, ya bayyana shi a 1948, shi ya sa ake kiransa da sunansa. Sai dai sani daban, iyawa daban. Mata da dama in an ce su matse, yunƙuri suke yi ƙasa maimakon su ɗaga sama, ko su riƙe numfashi, ko su ƙanƙame cinya su ɗauka sun yi. Wasu ma tsokar tasu a ɗaure take tamau, su sakewa ya kamata a koya musu, in suka yi ta matsewa ciwo ne zai ƙaru. Wannan fa babu bidiyon waya da zai gane miki shi. A Ingila ƙa'idar da likitocinsu ke bi ita ce a yi aƙalla wata 3 ƙarƙashin kulawar wanda ya sani, matsewa aƙalla 8, sau 3 a rana. Don haka wadda ta yi mako biyu ta ce ba ya aiki, ba ta ma fara ba.

Bayan wannan kuma na fara yoga, wato motsa jiki na miƙa gaɓoɓi da bin numfashi. To ta ina ta shigo? Ta numfashi. Tsokar numfashi da ke ƙarƙashin huhu da tsokokin ƙasan ƙugu tare suke tafiya: kin shaƙi iska su sauka tare, kin fitar su hau tare. Ni kuwa na saba in zan ɗauki abu mai nauyi in danne numfashi, duk nauyin ya sauka a kan inda ya riga ya yi rauni. Likitar ce da kanta ta zaɓo min 'yan motsi daga yoga, ta ce su za su koya wa jikina wannan tafiyar. Akwai wanda ake durƙusawa kan hannu da gwiwa, a gantsare bayan sama sannan a sake shi ƙasa, ana bin numfashi. Akwai gada, ki kwanta rigingine ki ɗaga ƙugu yayin fitar da iska. Akwai na hutu, ki zauna kan dugadugai ki kai goshi ƙasa, bayan ya miƙe a hankali. Ta kuma hana ni wasu da farko: duk wanda zai sa tsakiyar cikina ya yi tudu, da lanƙwasa baya sosai, da miƙa gaɓa har ƙarshenta, don sinadaran goyon ciki suna sassauta gaɓoɓi kuma ba a rana ɗaya suke komawa ba. Sai da ta ga cikin ya fara riƙe kansa ta riƙa ƙara min ɗaya bayan ɗaya.

Ina jin tambayarki tun daga nan, don na san halinki: wai yoga ba addinin wasu ba ce? E, asalin yoga daga Indiya ne, kuma a can tana da alaƙa da addininsu da falsafarsu. Abin da nake yi a kan shimfiɗata miƙa jiki ne da numfashi, babu wani karatu ko kiran sunan kowa, kuma haka na shaida wa mai koyar da mu a ajin yogar da na shiga tun ranar farko. Ta yaɗu duniya har Majalisar Ɗinkin Duniya a 2014 ta ware mata 21 ga Yuni. Ni dai ba ranar ce ta dame ni ba.

Af, kafin in manta, kin ji Yaya babba ta bar aikin nan? Bayan duk rantsuwar da ta yi cewa sai dai a fitar da ita da sanda! Ta kira ni tana ta kame-kame, ni ko na yi shiru ina saurare. Kada ki nuna mata kin sani, so take ta faɗa miki da bakinta. 'Yan biyun maƙwabciyarmu kuma sun fara tafiya, ɗaya gabas ɗaya yamma, uwar ta rasa wanda za ta bi. Ita ma na ja ta mun je an duba ta, don da tiyata ta haihu, kuma na ga yadda take dafe ƙugu.

Mu koma. Akwai wani bincike da aka yi a Boston, aka buga a 2017, a kan mutum 320 masu daɗaɗɗen ciwon baya. An raba su, wasu yoga, wasu fisiyo, wasu aka ba su littafi kawai. Bayan mako 12 sai aka ga masu yoga ba su gaza masu fisiyo ba wajen raguwar ciwo da iya hidimar yau da kullum. Wata a ajinmu ta kawo wannan a matsayin hujjar cewa zuwa asibiti ɓata lokaci ne, ni kuwa ban yarda ba. Yogar da aka yi a binciken an tsara ta ne musamman don masu ciwon baya, mai sauƙi, kuma an tantance mutanen kafin su shiga. Abin da na gani a jikina shi ne kowanne da aikinsa. Likitar ita ke gano inda matsalar take, ta ce wannan yi, wannan bari. Yogar kuma ita ce ta sa na ɗore, domin takardar motsin da ake ba mutum a asibiti tana da gundura, amma wannan ina marmarin lokacinsa, ina tashi hankalina a kwance, barcina ma ya gyaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon baya, kuma ya fi yawa a mata. Abin da ke ɓata min rai shi ne yawancinmu an ce mana haka haihuwa take, mu yi haƙuri.

Yanzu ke. Gwiwar nan taki. Tun da kika zame a matakala kike ce min "da sauƙi", alhali ƙanwarki ta faɗa min har yanzu ɗingishi kike, kuma wai kina bin wata mai yoga a waya kina naɗe ƙafa ɗaya kan ɗaya. Don Allah ki bari. Wannan zaman yana murɗa gwiwa, lafiyayyiya ma ba kowace ke ɗauka ba. Jijiyar da ke riƙe gwiwa daga ciki ta fi saurin tsinkewa a mata, musamman masu wasanni. In gwiwar tana kumbura, ko tana sakin ki kina tafiya, ko tana maƙalewa ta ƙi miƙewa, dubawa take buƙata. Abin yana da tsari: a fara saukar da kumburi, a dawo da lanƙwasawa da miƙewa, a ƙarfafa cinya da ƙugu, sannan a zo kan tsayuwa da ƙafa ɗaya, inda yoga ke da amfani ƙwarai. Ke kuwa daga ƙarshe kika faro, kamar yadda kike karanta littafi tun muna aji.

Inna ma kada ki ɗora ta a kan abin da kike yi. Bayan ɗaukewar al'ada ƙashin mace yana rage ƙwari, kuma mai irin wannan rauni ba a so ta riƙa sunkuyawa sosai ko murɗa gadon baya da ƙarfi, don ƙashin bayan na iya tsagewa. Abin da zai amfane ta shi ne motsin daidaita tsayuwa da ƙarfafa ƙafa, ko da dafe da kujera, saboda gudun faɗuwa. In kuma ciwon bayan nata ya zo da mutuwar jiki a tsakanin cinyoyi, ko ƙafa ta saki, ko ta kasa riƙe fitsari ko bayan gida kwatsam, wannan asibiti ne a take, ba a kwana.

Ki je a duba gwiwar cikin makon nan, ki rubuto min abin da aka ce, kalma da kalma, don na san ki da rage magana. In ba ki je ba, mai gidan zan kira, kuma kin san zan aikata. Ki shafa min kan yara, ki ce wa babbar ina jiran hoton da ta yi min alkawari.

Taki har kullum,
Ƙawarki