Zuwa ga kwastomominmu: kafin ku goge memori ko ku yar da MP3 ɗinku

Assalamu alaikum warahmatullah. Gaisuwa ga dukkan abokan cinikinmu na nan Agege, da na Mile 12 da Idi-Araba, da 'yan uwa na Alaba Rago masu aiko mana da kaya ta hannun yara, da direbobin manyan motoci da ke biyowa in sun sauke kaya a Apapa. Alhazai da malamai da iyayenmu mata, barkanku da warhaka, ya kasuwa, ya kuma fama da ruwan Legas.

Abin da ya sa muka rubuto, tunda damina ta kankama ƙorafi ya yi yawa a shago kan ƙananan MP3 ɗin nan, masu sifika da rediyo a jiki da kuma na aljihu masu iyafis. Wani ya ce memori ya daina karantawa, wani ya ce abin ya ƙi kamawa ko yana ɗaukewa da kansa ana tsaka da sauraro. Gyara aikinmu ne, ba ma gajiya da shi. Abin da ke mana ciwo shi ne mutum ya iso bayan ya riga ya yi ɓarna, ya kai memori an goge masa tafsirin da ya yi shekaru yana tarawa, ko karatun malaminsa na gida da ya ɗauka da kansa wanda babu inda zai sake samu, alhali memorin lafiyarsa ƙalau, batir ne ya gaji. Shi ya sa muke roƙo, dan Allah ku fara duba wuta kafin ku taɓa memori.

Ga yadda abin yake. Batirin cikin waɗannan na'urori na 3.7V ne, in ya cika yana kaiwa 4.2V. Idan ya tsufa zai nuna maka ya cika, amma da zarar ka ƙure murya sifika ta ja wuta sai ƙarfinsa ya faɗi lokaci guda, na'urar ta mutu ta sake tashi, ko kuma ta ce babu kati, ko waƙa ta riƙa tsalle tana komawa farko. Kai kuma ka ga an ambaci kati sai ka ɗauka memori ne. Gwajin ba wuya: jona caja, ka rage murya zuwa rabi, ka kunna a haka. In ya yi ta karatu lafiya ba tsalle ba ɗaukewa, to ka bar memori ya huta, batir za ka canza. Yawancin masu sifika batirin BL-5C suke amfani da shi, irin na tsohuwar Nokia ɗin nan, buɗe murfin baya kawai za ka yi ka zare, wasu manyan kuma 18650 ne mai kama da babban batirin tocila.

A nan ma a kula da rubutun jikin batir. BL-5C na asali ƙarfinsa wajen 1020mAh ne, 18650 kuwa mafi kyawunsa bai wuce wajen 3500mAh ba, saboda haka in aka miƙo maka wanda aka rubuta 9900mAh a jiki ana ce maka zai yi sati, ƙarya ce tun daga rubutun, ka ɗaga shi ma za ka ji ba nauyi. Batirin da ya kumbura kuma har murfi ya ƙi rufuwa, kar a danne shi da roba a ci gaba da caji, kar a huda shi, kar a jefa shi a wutar shara, yana iya kamawa da wuta. Ku kawo mana mu karɓa. Masu ajiye batir na biyu a aljihu tare da makulli da sulalla su ma su daina, a naɗe shi a takarda ko leda.

Sai maganar caja, wadda ita ce ta fi kawo mana mutane da rantsuwa cewa sabon abu ya lalace. Waɗannan na'urori 5V suke so, kuma cajar 1A ta wadatar. Sababbin da ke zuwa da bakin Type-C, da yawansu in ka sa musu wayar caji mai Type-C kai biyu, irin ta manyan wayoyi, ko fitila ba za ta kama ba, domin babu ɗan abin da ke gaya wa caja ta saki wuta a cikinsu. Nemi waya mai babban kan USB a gefe ɗaya, nan take za ka ga jar fitila. Fawa bank ma wani yana kashe kansa in abin da aka jona masa ba ya jan wuta sosai, sai ka kwana kana zaton yana caji ashe tun minti na farko ya tsaya. Akwai kuma ƙananan na maƙalawa a riga da sai makunnin yana a kunne suke shan caji. Wanda ya daɗe a ajiye batir ya ƙare ƙarƙaf, kar ka jona minti biyu ka ce ya mutu, ba shi kamar rabin awa zuwa awa ɗaya tukuna, in yana da ɗan ramin risat a gefe ka danna da tsinke a hankali.

Masu caji da ƙaramin janareto, ku zare caja kafin a tayar da shi, sai ya daidaita a mayar, haka ma lokacin da aka dawo da wuta. Direbobi kuma dan Allah a daina barin shi a gaban gilashi ana zaune cikin gosulo rana na dukansa, zafi shi ne babban abin da ke kashe batir. Wanda zai tafi gida Sallah ko noma ya bar abin a Legas, ya bar batir da kamar rabin caji ya cire shi ya ajiye daban.

Yanzu memori. Abu na farko girma. Katin microSD kala uku ne a kasuwa: tsohon da ya tsaya a 2GB, sai SDHC daga 4GB zuwa 32GB, sai SDXC daga 64GB zuwa sama wanda aka fito da tsarinsa a 2009. Kowane kati yana da tsarin jera fayil a cikinsa: na 4GB zuwa 32GB da tsarin FAT32 yake zuwa, na 64GB kuma da exFAT, kuma mafi yawan ƙananan MP3 ba su san exFAT ba sam. Shi ya sa za ka sa kati a waya ya buɗe, ka sa a kwamfuta ya buɗe, ka sa a MP3 ya yi shiru. Ba lalacewa ya yi ba. Akwai manhajar da ke iya mayar da 64GB zuwa FAT32 kuma wasu na'urorin suna karɓa, amma mu shawararmu kar ku wahalar da kanku. MP3 mai matsakaicin inganci minti ɗaya wajen 1MB yake ci, kenan katin 8GB zai ɗauki sama da awa 100 na sauraro, Alƙur'ani izu sittin da tafsiri da waƙoƙi duk su shiga har da saura. Idan mai ƙaramar na'ura ya zo ya ce mu ba shi 64GB muka ce ya ɗauki 16GB, ba rowa ba ce, mu ma mun fi samu a babban, amma ba ma son ka dawo gobe ranka a ɓace.

Abu na biyu jabu, kuma wallahi ya cika gari, musamman na kan tire a bakin titi da tasha. Katin a zahiri 4GB ne ko 8GB amma an yi masa dabara yana nuna 64GB, kamar mudun da aka bubbuge gindinsa, daga waje cikakke ne. Za a yi ta tura maka kaya yana karɓa ba musu, ka ga sunayen fayil duk sun fito, amma da ya wuce ainihin cikinsa sabon kaya ko dai ya hau kan tsoho ko ya tafi a banza, ka zo kunnawa surori goma na farko su yi, sauran shiru, ko sunayen folda su koma wasu alamomi da ba a karantawa. Irin wannan ba ya gyaruwa da fomat, wato goge kati gaba ɗaya a sake tsara shi, ko sau nawa aka yi. Muna gwada kati a kwamfuta da H2testw, wata ƙaramar manhaja da ke cika katin taf sannan ta karanta ta faɗi gaskiyar cikinsa, yana ɗaukar lokaci amma ba ya ƙarya. Kuma kar a rikita wannan da katin 32GB na gaske da ke nuna 29 da ɗoriya, wannan bambancin lissafi ne tsakanin masu ƙerawa da kwamfuta, haka kowane yake.

Akwai wata da ke kama mutane sosai. Ka sa memori a wayar Android ta tambaye ka ko a haɗa shi da ma'ajiyar cikin waya, ka danna eh ba ka karanta ba. Daga nan wayar ta kulle katin, ita kaɗai za ta iya buɗe shi, ko kwamfuta ba ta gani balle MP3. In haka ta faru kuma akwai kaya a ciki, a mayar da shi cikin wayar da ta kulle shi a kwashe kayan tukuna, sannan a yi masa fomat a matsayin katin cirewa.

Wani lokaci kuma kati lafiya, na'ura lafiya, fayil ɗin ne ba irin nata ba. Wa'azin da aka turo a WhatsApp a matsayin saƙon murya nau'in fayil ɗin da ake kira opus ne, wasu kuma m4a, ƙananan na'urorin nan galibi MP3 suke ci sai wasu da ke ƙarawa da WAV. Canza sunan fayil ka rubuta mp3 a ƙarshe ba ya mayar da shi MP3, sai an juya shi da manhaja, muna yi a shago. Masu cewa surori sun hautsine, Baƙara ta zo bayan Yasin, ku sani da yawan na'urorin nan suna bin yadda aka zuba kayan ne a kati, ba sa bin suna. Maganinsa a sa lamba 001 har 114, a kwashe komai zuwa kwamfuta, a sake zubawa a jere cikin folda guda.

In kun kai wajen masu turi aka dawo muku da kati ya nuna a cike amma ba komai a ciki, ko folda duk sun zama masu 'yar kibiya a jiki, bairos ne ya ɓoye su, kayan suna nan. Kar a yarda a goge. Katin da kuma ya ƙi karɓar sabon kaya ya ƙi gogewa, a fara duba adafta, wato gidan da ake sa ƙaramin katin a ciki, akwai ɗan makunni a gefenta da ke zamewa ƙasa ya kulle. In ba adafta ba ce, to katin ne ya kusa ƙarewa ya kulle kansa, a kwashe abin da ke ciki ranar, a sayi wani.

Sai damina da iskar Legas. Laima a garin nan ba irin ta Kano ko Sakkwato ba ce, ga gishirin teku ga masu zama wajen Apapa da Obalende, ga gumi ga wanda ke sa abin a aljihun gaba wuni guda. In ka zare memori ka duba haƙoransa masu ruwan zinare sau da yawa za ka ga sun dushe, ko ka haska bakin caji ka ga kore-kore da ƙurar aljihu ta dunƙule a ciki har waya ba ta shiga ta zauna. A goge haƙoran da robar goge fensir a hankali, ko auduga da ɗan sipirit, a bari ya bushe. Ba a lasa da yawu, ba a sa allura a bakin caji, tsinken sakace da tsohon buroshi busasshe sun isa. In ruwan sama ya shiga, kar a kunna don a gani ko yana yi, nan ne yake ƙonewa, a cire batir da memori nan take a bar shi a buɗe inda iska ke kaɗawa ya kwana biyu. Kuma a kashe na'ura kafin a zare kati ko a mayar, musamman masu ɗaukar karatu a majalisi, in batir ya ƙare ana cikin ɗauka fayil ɗin kan lalace, wani lokaci ya ja folda duka.

A ɓangarenmu ga abin da muka tsayar. Duba batir da caja da memori kyauta ne, ko ba a wajenmu ka saya ba. Ba wanda zai yi wa katinka fomat a shagon nan sai an kwafe abin da ke ciki an nuna maka ka amince. Katin da ka saya a hannunmu in ya faɗi gwaji za mu canza maka. Wanda ke da karatu ko wa'azin da ba ya son rasawa, ya zo da kati na biyu ko filashi mu yi masa kwafi ya ajiye a gida, don kati ko na asali ne yana da ranar mutuwa kuma ba ya sallama.

In za ku zo ko za ku aiko yaro, a haɗo da MP3 ɗin da memorin da kan caja da wayar da ake caji da ita, duka huɗun, domin sau da yawa matsalar tana cikin wanda aka bari a gida. Ranar Juma'a muna rufewa lokacin masallaci, mu buɗe bayan an sauko.

Allah Ya sa albarka a nema, Ya kai mu ƙarshen damina lafiya. Wassalamu alaikum.

Daga 'yan uwanku na shago,
Agege, Legas